Layin Ƙishi

Litinin, da hantsi

Wake ya fito. Duk tukwanen sun tsage, kowane tsiro ya ɗago da ɓawon irinsa a ka kamar yaro ya saka hular babansa. Na daɗe a tsugune ina kallonsu har ƙafata ta sage. Ɗakin gilashin nan da muke renon shuka ya fi ko'ina daɗi a jami'a da safe. Ga ɗumi, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, raɓa ta rufe gilashi ba ka ganin waje sai ka goge da hannu.

Wannan aikin kaɗai ya rage tsakanina da digiri. Layi biyu ne. Na dama ana ba shi ruwa kullum. Na hagu, wanda na ɗaura wa jan ƙyalle, daga yau za a bar shi da ƙishi, a riƙa ɗiga masa ɗan abin da zai hana shi mutuwa kawai, ana auna yadda yake jurewa. Sati shida za a yi. In babu sakamako babu maki, in babu maki kuwa sai baɗi.

Mu biyu aka haɗa a aikin, ni da Barewa, mai yi wa jami'a gudu. Sau ɗaya na taɓa ganinta a aji, shi ma barci take. Doka ta ce ɗan wasa in yana atisaye ko ya tafi gasa an ɗauke masa zuwa, makin da abokin aikinsa ya samu shi ne nasa. Wato ni in sha rana, ita ta ci bulus. Na goge gilashi, ga ta can a fili tana zagayawa ita kaɗai, ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. Ina jin haushinta, amma ban daina kallo ba sai da raɓa ta sake rufe wurin.

Litinin, da yamma

Yaya ya kira. An kwantar da Umma a asibiti. Hawa na uku, gado na kusa da taga.

Laraba, bayan azahar

Umma ta rame, amma bakin nan nata yana nan.

"Auta, hular gama karatun nan taku mai kama da faranti, a kai ake ɗora ta ko a hannu ake riƙewa?"

"A kai, Umma."

"To ni dai in gan ki a cikinta. Yayanki ya hana ni ganin tasa, tun daga aji biyu ya tsere kasuwa."

Yaya ya ce, "Umma, har a gadon asibiti ba za ki bar ni in sha iska ba?"

"In na bar ka wa zai riƙa tuna maka?"

Muka yi dariya har matar gadon kusa ta taya mu. Daga baya likita ya kira Yaya waje. Da ya dawo sai ya zauna yana ta gyara agogon hannunsa, alhali babu abin da ya sami agogon. Ban tambaye shi ba.

Juma'a, da safe

Mota biyu nake hawa daga asibiti zuwa nan. Na ba layin dama ruwa, na auna tsawo da rula, na ƙirga ganye. Na hagu sun fara sunkuyar da kai. Haka ake so. Na ce musu su yi haƙuri, ba ni na ƙirƙiro aikin ba.

A bakin laburare na tarar da Lauya, ɗan ajinmu da ba ya ganin taro ya wuce, ya hau benci yana jawabi a kan 'yan wasa. Ya ce su ne shafaffu da mai: ɗakunansu a ƙasa kusa da famfo, abincinsu daban, jarrabawa sai ranar da suka ga dama. Wani ya ce ai suna ɗaga sunan makaranta. Lauya ya ce shi ma yana ɗaga bokiti hawa huɗu kullum, ba wanda ya taɓa masa tafi. Na tsaya na yi tafi da ƙarfi har hannuna ya yi zafi.

Asabar, da yamma

Ruwan da ake ƙara wa Umma yana ɗiga a hankali. Na zura masa ido har na daina sanin ko a asibiti nake ko a ɗakin gilashi. Tagogin iri ɗaya ne, ɗumin ma haka.

Litinin, da hantsi

Na je wurin Malam, mai duba aikinmu. Ofishinsa cike da busassun ganye a cikin tsofaffin jaridu, fanka tana kaɗa su suna raɗa. Na roƙe shi ƙarin lokaci, ko da sati biyu ne.

Ya cire tabarau ya murje ido. "Ki yi haƙuri. Ƙarin lokaci na waɗanda ke wakiltar jami'a ne. Ba ni na kafa dokar ba."

"Malam, mahaifiyata ce fa."

"Na sani. Allah ya ba ta lafiya. Da a ce ƙwallo kike bugawa..."

Bai ƙarasa ba. Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya mayar da tabarau ya kama neman wani abu a aljihun tebur. Na gode masa na fito. A kan matakala na tsaya ina tambayar kaina, to ni wa nake wakilta? Umma, mana. Sai dai ita ba ta da tuta, ba ta da kofi.

Talata, da asuba

Na yi mafarki ina gudu a filin Barewa da tukunyar wake a hannu. Mutane sun cika kujeru suna kallo shiru. Ina ta zagayawa, ba wanda ya nuna min inda ake tsayawa. Can sama na hango Umma a zaune da hular faranti a kanta, tana ɗaga min hannu. Na farka a kujerar asibiti wuyana ya ƙage.

Alhamis, da rana

Ban je ba.

Juma'a, da rana

Ban je ba. An canja wa Umma ɗaki. Wannan babu taga.

Asabar, da yamma

Yaya ya ce in tafi makaranta, shi zai zauna. Na ce to. Na sa takalmi, na kai bakin ƙofa, na juyo na gan ta tana barci da hannu ɗaya a waje, sai na dawo na mayar mata da shi cikin bargo. Takalmin yana ƙafata har yanzu.

Na san layin dama yana can yana jira. In suka bushe, shekara ta tafi. Shekara ba wani abu ba ce, kowa na cewa haka. Ba zan rubuta abin da likita ya faɗa wa Yaya ba.

Talata, da azahar

Na shiga ɗakin gilashi ido a rufe, don ba na son ganin gawarwaki. Da na buɗe sai na ga kore shar ko'ina. Layin dama ya yi tsawo, ganye ya yi faɗi. Na hagu ma haka, jan ƙyallen yana lilo a jikin tsiron da ya kai min gwiwa, fes da shi kamar bai taɓa sanin wahala ba.

Na ɗauka mafarkin ne bai sake ni ba. Na zauna a ƙasa a tsakaninsu, haske yana saukowa ta gilashi, na ji wani sanyi a zuciya wanda na daɗe ban ji ba. Babu wanda ya mutu a nan. Na yi minti nawa a haka ban sani ba.

Sai na tura yatsa cikin ƙasar tukunyar hagu. Jagab. Ta biyu ma jagab. Na duba rufi, ba ya yoyo. Nan murnar ta koma ciki, don layin ƙishi da ya ƙoshi ba shi da abin da zai gaya wa Malam.

Laraba, da sassafe

Na zo da wuri na laɓe bayan buhunan taki. Rana na fitowa aka turo ƙofa. Barewa ce, gumi sharkaf, tawul a wuya. Ta ɗauki butar ban-ruwa kamar ta saba, ta cika, ta nufi layin hagu kai tsaye tana wani ɗan waƙe-waƙe.

"Ke ce?"

Ta zabura har ruwa ya zuba mata a takalmi. "Sannu, ƙawata. Na ji an ce mamanki ba lafiya. Na ce tunda ban taɓa tsinana komai a aikin nan ba, bari ko ruwa in riƙa bayarwa."

"Tun yaushe?"

"Tun wancan satin. Kullum in na gama gudu. Na wannan gefen ma sun fi jin jiki, duk sun langaɓe, sai na riƙa ninka musu. Kin ga yadda suka miƙe?"

Murna take yi. Wallahi murna take, tana jiran in gode mata.

"Jan ƙyallen nan fa, me kika ɗauka yake nufi?"

"Ba na waɗanda suka fi buƙata ba ne? Mu a fili in mutum ya fara galabaita koci yakan ɗaura masa ja a hannu, shi ake fara kai wa ruwa."

Na gaya mata ma'anarsa. Na gaya mata da wasu abubuwan da ba ta tambaya ba. Na ce da ta taɓa zama a aji ido biyu ko sau ɗaya, da ta sani. Na ce an ba ta ɗaki, an ba ta abinci, an ba ta makina, bai ishe ta ba sai da ta zo ta cinye min shekara. Muryata ta yi ta dawowa daga gilashi.

Ba ta rama ba. Ta ajiye butar ta zauna a ƙasa ta cire jiƙaƙƙen takalmin. Farcen ƙafarta duk baƙi, biyu ma babu su. Ta ce, tana kallon ƙafar ba ni ba, "Ni na zaɓi karatun noma da kaina, kin sani? Ina son shuka. Amma lokacina ba nawa ba ne. Koci ke cewa tashi, koci ke cewa kwanta. Ranar da gwiwar nan ta ƙi, ɗakin da kike faɗa kafin yamma an ba wata." Ta matse safarta. "Ba ina kare kaina ba ne. Na ɓata miki aiki."

Na fita na bar ta a zaune. Na so in ci gaba da jin haushi, sai ƙafar nan ta riƙa faɗo min a rai.

Laraba, da yamma

Malam ya zo ya duba da kansa. Ya taɓa ganye ɗaya ya ce, "Sun yi kyau." Sai ya ƙara, "Matsalar ke nan." Babu ƙishi, babu sakamako. A sake daga farko kuwa lokaci ba zai kai ba.

Na koma asibiti. Umma ta tambaye ni ya wake. Na ce yana nan kore shar, ban yi ƙarya ba.

Alhamis, da rana

Na ga inuwar tsuntsu ta wuce a bangon baranda, na bi ta da ido har ƙarshe. Yau iyakar abin da na yi ke nan.

Juma'a, da hantsi

Malam ya kira ni a waya. Ya ce kocin 'yan gudu ya yi wa shugaban sashe magana. An ba Barewa ƙarin sati shida saboda gasar da ke gabanta, kuma tunda aikin na mutum biyu ne, ƙarin ya shafe ni. In muka sake shuka yanzu, maki zai shiga kafin yaye ɗalibai, da ƙyar amma zai shiga.

Waya ɗaya. Na tsaya a barandar asibiti da wayar a kunne bayan ya kashe. Na roƙa da sunan Umma an ce doka, an roƙa da sunan gudu an ce bismillah. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji haushi kuma kamar in fasa wayar. Kunya ce ta zo daga ƙarshe, ita ce kuma ta zauna.

Asabar, da rana

Lauya ya turo saƙo, wai in zo taronsu in ba da labarina, ni ce hujjarsu mafi ƙarfi. Na ce masa ina asibiti. Gaskiyarsa ce a yawancin abin da yake faɗa. Amma ni yanzu ba so nake a ƙwace wa Barewa ƙofarta ba, so nake da na ƙwanƙwasa a buɗe min ni ma. Ban san yadda ake faɗin wannan a kan benci ba.

Litinin, da safe

Likita ya hana a ba Umma komai ta baki. Ko ruwa. Nas ta ba ni auduga da ɗan kofi, ta ce in riƙa jiƙa mata leɓe kawai.

"Auta, ɗan ruwa."

"An hana, Umma. Sai anjima."

"Kurɓi ɗaya."

"Sai anjima."

Ta dube ni irin kallon da take min ina ƙarama in na ɓoye abu a bayana. Ga gorar ruwa a kan tebur, hannuna zai kai. Na mayar da ita ƙarƙashin gado inda ba za ta gani ba.

Talata, da rana

Sai anjima, Umma. Yau na faɗa har bakina ya gaji.

Laraba, bayan la'asar

Ina zaune da audugar a hannu aka leƙo. Barewa ce, da jakar wasanni a kafaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa kamar wadda aka aiko ta manta saƙon. Yaya ta samu a ƙasa ya nuna mata ɗakin. Ta ja ni baranda ta buɗe jakar. Baƙar riga ce a ninke, da hula mai kusurwa huɗu.

"Jiya ma na zo ba mu haɗu ba, yayanki ya gaya min abin da mamanki take so. Mai kula da sito yakan ara mana su mu ɗauki hoton da ake mannawa a bakin ƙofar makaranta. Na ce masa hoto zan yi. Ni ba ya tambayata komai."

Rigar tana warin man zafi da ake shafa wa gwiwa. Ta yi min tsawo, ta naɗe min hannun da kanta, ta gyara min hular, ta ce igiyar gefen nan take sauka.

Na shiga. Umma ta buɗe ido a hankali. Ta daɗe tana kallo, tun daga hular har ƙasa, ta sake komawa sama. Leɓenta ya tsage amma ta yi murmushi.

"Ashe da gaske faranti ne."

"Na gaya miki a kai ake ɗorawa."

"Juya in gani." Na juya. "Wannan doguwar ta bakin ƙofa fa?"

"Abokiyar aikina ce, Umma. Gudu take yi."

"Me ya biyo ta?"

Barewa ta toshe baki da hannu, kafaɗarta na rawa, ban san ko dariya ce kaɗai ba. Yaya ya juya yana karanta takardar da ke manne a bango, wadda ya riga ya haddace.

Umma ta kama gefen rigar da yatsu biyu tana murzawa, yadda take yi in tana taya yadi a kasuwa.

"Kin gama ke nan, Auta?"

Wake ko shukawa ba mu sake yi ba. Na dubi Yaya, bai juyo ba.

"Na gama, Umma."

"Madalla," ta ce. Ta rufe ido, ba ta saki rigar ba. Na tsaya a haka har ƙafata ta gaji, sannan na zauna a bakin gadon da hular a kaina.

Lahadi

Takalma sun cika ƙofar gida.

Laraba, da yamma

Mutane sun fara raguwa. Na wanke kofuna. Na ninke tabarmi. Na sami gorar ruwan nan a cikin kayan da Yaya ya kwaso daga asibiti, a cike, na rasa inda zan ajiye ta.

Litinin, da sassafe

Mota ɗaya na hau yau. Yanzu ina da lokaci, safe da yamma, duk wanda ake so.

Raɓa ta rufe gilashi. A ciki na tarar da sababbin tukwane a jere layi biyu, wake ya fito ya yi ganye bibbiyu. Barewa ce ta shuka tun ina gida. Ta je wurin Malam ya nuna mata komai, ta ce har faɗa ya yi mata a kan zurfin rami. Tana zaune a kan buhun taki da ƙanƙara a gwiwa. Ta yi min gaisuwa a hankali, na amsa, muka zauna muna kallon tsiron.

"Yau ya kamata a fara," ta ce. "Ban ɗaura ƙyallen ba, na ce sai kin zo."

Na ɗaura shi a layin hagu. Na gaya wa Umma na gama, saura in gama ɗin.

Ta miƙe tana ɗingishi ta ɗauko butar. "Mu raba aiki. Ni in riƙa ba na dama ruwa, tunda shi na iya. Ke ki kula da na ƙishin, kin fi ni sanin yadda ake yi."

Na dubi 'yan tsiron hagu. Ba su san komai ba tukuna, sun buɗe ganye suna jira.

"A'a," na ce. "Ke ki ɗauki na hagu. Ni ba zan iya sake ce wa kowa sai anjima ba."

Ta dube ni. Ta miƙo min butar, ta ɗauki rula. Na je famfo na cika ta har tana zuba, na fara daga tukunyar farko.